Zaurenmu Na Karatu Ya Dare Gida Biyu: Da Wane Littafi Za Mu Fara?

Wata malamar makaranta daga Unguwar Rogo, a nan Jos, ta aiko mini da tambaya. Ta ce su goma sha huɗu ne suka kafa zauren karatu, suna haɗuwa ran Asabar bayan la'asar, sau biyu a wata. Zama uku kacal aka yi, zaure ya dare gida biyu. Manya, da wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a gabansu, sun ce in ba Magana Jari Ce da ire-irensa ba, babu abin da ya cancanci a ɓata masa yammaci. Matasa kuwa sun ce waɗannan littattafan jarrabawa ne, sun sha su a sakandare sun ƙoshi, a karanta na yanzu, har da waɗanda ake sakawa a waya. Tambayarta ita ce: da wanne za su fara, kuma yaya ake tattauna littafi ba tare da zaman ya koma faɗa ko wa'azi ba?

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Tara mutum goma sha huɗu a Jos kan abin da ba biki ba, ba rabon kaya ba, ai ba ƙaramin aiki ba ne. Kada gardamar nan ta karya miki gwiwa. Zauren da ya kamata ki ji wa tsoro shi ne wanda kowa ke gyaɗa kai har a tashi.

Na koyar da Hausa shekara talatin da 'yan kai kafin in ajiye alli, kuma wannan rigima ta tsoho da sabo na gan ta a ɗakin malamai, na gan ta a jaridu, na ma yi ta da kaina. Abin da na fahimta a ƙarshe shi ne duk ɓangarorin biyu ma'auni ɗaya suke riƙe da shi, wato shekarun littafi. Baba, wato dattijon nan naku, yana ganin tsufa shi ne daraja, yaran suna ganin tsufa shi ne laifi. Muddin kuna jera littattafai bisa shekara, ba za ku daina wannan ja-in-jar ba. Ku jera su bisa ciwon da suke taɓawa, tsoho ɗaya sabo ɗaya, ku karanta su kafaɗa da kafaɗa. Zan nuna miki yadda ake yi, amma bari in fara da abin da za ki gaya wa Baba cikin ladabi.

Littattafan da yake karewa samari ne suka rubuta su. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai, daga ita aka samu littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. An haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa a 1912. Ki yi lissafi. Ɗaya yana da shekara 22, ɗaya 21, sa'o'in yaran da ke zaune a bayan zaurenku suna latsa waya. Kuma a lokacin malamai ba su ɗauki ƙagaggen labari a bakin komai ba. Rubutu na ilmi ne da waƙar wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara bayan sallar isha'i. East sai da ya yi ta yawo gari gari yana lallashin masu ilmi kafin ya samu waɗanda za su zauna su ƙaga abin da bai faru ba su sa a takarda. Wato kallon da Baba yake yi wa littafin waya a yau, kusan shi dattawan wancan zamani suka yi wa Ruwan Bagaja.

Wannan ba rage wa Imam daraja ba ne. Ni dai har gobe ban ga wanda ya kamo shi wajen sarrafa jimlar Hausa ba. Amma a karanta shi da ido buɗe. Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, yawancin labaransa arowa aka yi, daga Alfu Laila, daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da wasu littattafan Larabci da na Turai. Shi kansa akun da ke riƙe ɗan sarki da labari don kada ya fita, yana da kakanni a labaran Indiya da Farisa. Gwanintar Imam tana wajen ɗinkin. Ya ɗauko yadin wani, ya yanka, ya yi masa aska da linzami, har ka rantse a Katsina aka saƙa shi. In kuna son zama mai daɗi, ku ɗauki labari ɗaya daga ciki, wani ya karanta da ƙarfi, sannan ku nemi wuraren da aka sa wa baƙon labari hula da rawani: sunayen mutane, fada da fadawanta, alkali da shari'arsa, karin maganar da aka ɗora a kan labarin. Yaran da suka ce sun ƙoshi da shi, na tabbata ba su taɓa karanta shi haka ba. Haddar sunayen taurari aka sa su, da jigo, da "kawo darussa biyar".

Yanzu ga nawa laifin. Wajen 1993 ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, kuma ina cikin malaman da suka fi kowa zafi kan littattafan soyayya. Muna shiga ɗakunan kwana mu ɗaga katifu. Wata rana na kama wata yarinya a bayan aji ta dulmuya cikin littafin da aka yi wa bango da takardar siminti, an rubuta sunan darasin kimiyya a kai da baƙin biro. Na buɗe, ashe In Da So Da Ƙauna ne na Ado Ahmad Gidan Dabino, gefen shafukan duk sun yi baƙi saboda yawan hannun da ya bi ta kansu, an liƙe wasu da salatif. Na ƙwace, na yi mata faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Da dare, lokacin hunturu ne, sanyin Jos ɗin nan mai shiga ƙashi, babu wuta, na kunna fitilar ƙwai na ce bari in ga abin da ke lalata mana yara. Ban rufe ba sai da na kai ƙarshe. Da safe na kira yarinyar, tana rawar jiki, na tambaye ta wa ke da na biyun.

Ba wai na same shi ba shi da aibu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na gane labarin. A wannan zangon nake koyar da Jiki Magayi: saurayi da budurwa suna son juna, mai dukiya ya shigo tsakani, aka ba shi yarinyar, abin da ya biyo baya bai yi wa kowa daɗi ba. Littafin da na ƙwace, wanda ya fito a 1991, shi ma kuɗi ne ya shiga tsakanin Sumayya da Muhammad. Ɗaya ina ba da maki a kansa, ɗaya ina dukan yara a kansa.

To wannan shi ne haɗi na farko da zan ba ku. Ku karanta su a jere, sannan ku tambayi kanku: wa aka ba baki a kowanne? A Jiki Magayi zuciyar Abubakar muke bi, baƙin cikinsa, tafiyarsa neman asirin da zai rama da shi, har sharrin ya sauka a kan ɗan da bai ji ba bai gani ba. Zainab kuwa, wadda a kanta ake duk wannan, kaɗan muke ji daga gare ta. Bayan shekara hamsin da 'yan kai, sai ga yarinya ita ce ke furta so, ita ce ke ƙin zaɓin da aka yi mata, har ta kai ga faɗawa rijiya. Me ya faru a ƙasar Hausa tsakanin littattafan biyu da ya sa bakin ya koma wurin mace? A nan za a tabo makarantar boko ta 'yan mata, da shirin ilmin firamare na bai ɗaya na 1976 wanda ya yaye ɗimbin masu iya karatun boko, da finafinan Indiya, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980 ya share hanya. Baba yana da abin faɗa a nan fiye da kowa, domin a gabansa aka yi. Yaran ma suna da abin faɗa, domin iyayensu mata ne suka karanta waɗannan littattafai a ɓoye.

Sai batun yadda ake tattaunawa, wanda a ganina ya fi zaɓen littafi muhimmanci. Akwai tambaya ɗaya da nake roƙonki ki hana a zaurenku, aƙalla a sa'ar farko ta kowane zama: "Wane darasi muka koya?" Ita ce ke kashe hira. Da an yi ta, wani zai ce haƙuri, wani ya ce biyayya ga iyaye, wani ya ce ramin mugunta a gina shi gajere, kowa ya ce haka ne, shi ke nan an gama. Wanda bai buɗe littafin ba ma zai iya ba da wannan amsa, kuma yawanci shi ya fi kowa tsawaitawa. Mu malamai mu muka cusa wa mutane wannan ɗabi'a, domin ita ce mai sauƙin makawa a jarrabawa.

A madadinta ki kafa doka ɗaya tak: duk wanda ya faɗi ra'ayi, ya nuna shafi. In wani ya ce marubuciyar nan tana zuga mata, a ce to Malam, buɗe mana wurin, karanta mu ji. In wata ta ce Ruwan Bagaja ba shi da daɗi, a ce karanta mana inda ya gundure ki. Za ki sha mamakin yadda wannan ke sauke murya. Mutum ya zo da zafinsa, yana cikin karantawa da bakinsa sai ya ji jimlar ba ta faɗi abin da ya ɗora mata ba. Wani lokaci kuma ta faɗa ɗin, har ta fi, sai waɗanda ke musu su yi shiru. Ko ta yaya, gardamar ta bar kan mutane ta koma kan takarda.

Na ga amfanin wannan a wani zama da muka yi a gidan wata ƙawata a Rikkos, mu mata tara, kan Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Kin san labarin: Rabi, uwar 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ya auro wata ya kore ta, ta kama sana'ar abinci ta riƙe 'ya'yanta har ta tsaya da ƙafarta, shi kuma duniya ta juya masa baya, a ƙarshe aka taru a kanta ta koma. Wata 'yar jami'a a cikinmu ta ce marubuciyar ta ci amanar Rabi, bayan duk wannan wahala ta mai da ita gidan jiya. Wata hajiya ta ce a'a, ai wannan shi ne kyakkyawan ƙarshe, haƙuri ya yi riba. Nan fa aka fara ɗaga murya. Sai wata dattijuwa da ba ta ce uffan ba tun da aka zauna, mai sayar da waina ce, karatun ma jikarta ke yi mata, ta ce a sake karanta mata wurin komawar. Aka karanta. Ta ce, "To ku ji. Wa ya yi murna a nan? Ni ban ji Rabi ta yi ba." Ɗakin ya yi tsit. Muka koma muka bi shafukan a hankali, sai ga shi duk su biyun sun karanta abin da suke so ne. Marubuciyar ta mai da Rabi, amma ba ta buga mata tambari ba, ta bar mu mu ga su waye suka matsa, da abin da ya sa ba ta da mafita. Wannan littafi, in ba ki sani ba, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wata maɗaba'a a Indiya ta buga shi a 2012. Littafin da muke ɗaga katifa muna nema ke nan.

Haɗi na biyu ya fi nauyi, kada ku fara da shi. Shaihu Umar tare da Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan garin nan, wanda aka haifa a Jos a 1979 ya kuma yi jami'a a nan. Littafin ya fito a 2015, ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya ta dala 100,000 a 2016. Da Ingilishi yake, amma mutanen cikinsa Hausawa ne, tunaninsu na Hausa ne. Abin da ya haɗa littattafan biyu uwa ce da ɗanta. A Shaihu Umar an sace yaro, ƙaddara ta kai shi hannun wani Balarabe ya tafi da shi ƙetaren hamada, uwar ta bar komai ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta, ba su haɗu ba sai da ƙarfinta ya ƙare. A ɗaya littafin kuwa Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55, tana ɗauke da ciwon ɗan farinta da kunya ta hana ta kiran sunansa ko jawo shi jiki har ya mutu. Wata ta ƙetare Sahara saboda ɗa, wata ta kasa ƙetare tsakar ɗaki. In kuka sa kunyar ɗan fari a tsakiyar zaure, da manya da yara, na yi miki alkawari magariba za ta same ku ba ku sani ba.

Amma ki yi shiri kafin wannan. Littafin yana da alaƙar da wasu ba za su iya karantawa a gaban 'ya'yan cikinsu ba, tsakanin Hajiya Binta da wani saurayi ɗan daba, kuma yana taɓa rikicin Jos kai tsaye. A zauren mutum goma sha huɗu a Unguwar Rogo, da wuya a rasa wanda 2001 ko 2008 ko 2010 ta yi wa tabo. Ki gaya musu tun da wuri abin da ke ciki, wanda ba zai iya ba a ɗaga masa ƙafa ba tare da tambaya ba. Shi ma Shaihu Umar kada a lallaɓa shi don marubucinsa ya zama Firayim Minista. Ku tambaya: me ya sa mutumin da cinikin bayi ya raba shi da uwarsa yake ba da labarin cikin natsuwa haka, babu ko ɗaga murya? Tawakkali ne na malami, ko kuwa marubucin ne ya san wanda zai duba rubutun kafin a buga? Na yi shekaru ina jujjuya wannan, kuma ina jin daɗin jin amsar matasa, don sukan fi mu rashin tsoro.

Littattafan waya fa? Ina karanta su, jikata ke turo mini. Mafi yawansu suna da cuta iri ɗaya, kuma tsarin sayar da su ne ya jawo ta. Marubuciya tana sakin feji kullum ko bayan kwana biyu a zauren WhatsApp ko a Wattpad, masu karatu sun biya, suna jira, suna matsa mata da sharhi. Babu edita, babu damar komawa babi na uku a gyara abin da babi na talatin ya rushe. Shi ya sa labarin da ya isa a shafi ɗari yake kai ɗari biyar, a yi ta kwatanta leshi da mota da jeren ɗaki, a kashe mutum a dawo da shi don masu karatu sun yi kuka. Ga rubutun da ba ya bambanta ƙ da k, ga Ingausa ba gaira ba dalili, wasu kuma batsa ce zalla aka yafa mata mayafin "gyaran aure". Duk wannan gaskiya ne, Baba bai yi ƙarya ba.

Sai dai sakin labari gutsure gutsure ba shi ne aibun ba. Charles Dickens na Ingila haka ya riƙa fitar da nasa, kashi kashi, mutane na jiran na gaba. Kuma a cikin tarin nan akwai masu kunne. Na karanta hirar kishiyoyi a wani littafin waya da ban taɓa ganin mai kaifinta a littafin makaranta ba, irin maganar da ake yi ana murmushi alhali wuƙa ce. Akwai masu rubuta zaman asibiti, da rayuwar 'yar aiki a gidan masu kuɗi a Abuja, da gudun hijira, abubuwan da ba su da wuri a littattafan 1933. Don haka ki ce wa matasan su kawo, amma da sharaɗi: su zaɓo wanda aka kammala, su tace da kansu su kawo wanda za su iya karanta kowane shafinsa da ƙarfi a gaban Baba, kuma su zo da shirin kare shi da shafi kamar kowa. Wannan tacewar kaɗai rabin tarke ce, wato nazarin littafi. In tsawon ya yi yawa, ku nemi gajerun labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta. Ana karanta ɗaya a tattauna shi a zama guda.

Akwai kuma wasu da ɓangarorin biyu suka tsallake, na tsakiya, waɗanda ba su kai na 1933 tsufa ba, ba su kuma shiga waya ba: Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. In rigima ta sake tashi, ki jefo ɗaya daga cikinsu, tunda babu wanda zai ce na gidansu ne.

Ga yadda zan yi in ni ce ke. Zama na gaba Jiki Magayi, siriri ne, mako biyu ya isa, kuma masu sayar da littattafai na wajen Babban Masallacin Juma'a sukan samo shi in an tambaya. Na bayansa In Da So Da Ƙauna. Na uku a haɗa su. Kowa ya zo da shafi ɗaya da ya ja masa layi, ko don ya burge shi ko don ya ba shi haushi. Mai jagorancin zama ya riƙa sauyawa, kuma kada ya fara faɗin nasa ra'ayin sai kowa ya yi. Karatu da ƙarfi na minti goma a farkon kowane zama ki damƙa wa Baba, har da ranar littafin soyayya. Mutanen zamaninsu sun iya karanta Hausa da lanƙwasarta, yaran za su ji bambanci, shi kuma da wuya ya yi wa littafi tofin Allah tsine bayan ya karanta shi da bakinsa a gaban jama'a.

Ki sayi ƙaramin littafin rubutu na aro, a riƙa sa sunan wanda ya ɗauka da rana. Nawa Turmin Danya tun 2004 yake hannun wata da ta ce jibi za ta dawo da shi.